Maƙeran da Suka Murɗa Ƙarfe Don Sarakunan Ingila na Farko

Bayan Rumawa sun janye daga Birtaniya wajajen shekarar 410, ƙabilun Angul da Sakson da Jut suka riƙa ƙetarowa teku daga yankunan da yau suke arewacin Jamus da Denmak. Kafin shekarar 600 sun kafa ƙananan masarautu irin su Kent da Wessex da Mercia da Gabashin Angliya. Sarakunansu masu bautar gumaka ne, akasarinsu suna jingina asalinsu ga wani abin bauta mai suna Woden. Ba su da sojan albashi irin na Rum. Ƙarfin sarki shi ne jarumawan da ke ci da sha a zaurensa, kuma kyauta ce ke riƙe su a wurin: zobban zinariya, dawaki, rabon ganima. Babbar kyauta a cikinsu duka ita ce takobi. Duk wanda ya karɓe shi daga hannun sarki ya ɗauki alkawarin mutuwa a gefensa. Mashi kowa na da shi, shi ya sa ya cika kaburburan mazajen wancan zamani, amma takobi sai a kabarin ɗaiɗaikun manya ake samunsa.

Wanda ya ƙera wannan takobi shi ne gwanin da nake jinjina wa, don aikin da ke gabansa ba ƙarami ba ne. Tanderun lokacin ba ya narkar da ƙarfe ya zama ruwa. Ana zuba tama da gawayi, a yi ta zuga, a ƙarshe a ciro ɗan curi mai ramuka cike da kashin ƙarfe, sai an yi ta duka kafin ya tsarkaka. Kowane curi kuma da halinsa: wani laushi gare shi, yana lanƙwasa, wani ya sha gawayi ya yi tauri, yana iya karyewa, wani yana ɗauke da sinadarin fosfaras, wanda ke sa shi fari idan an goge. Daga waɗannan gutsattsari masu saɓanin hali ake son ruwan takobi mai baki biyu, tsawonsa santimita 70 zuwa 80, wanda ba zai kunyata mai shi ba ranar gumurzu.

Sai maƙerin ya mai da saɓanin nan abin amfani. Yakan buga ƙarafan su zama siraran falle, ya jera su, fari da baƙi, fari da baƙi, ya ɗaure su wuri ɗaya ya tura cikin wuta. A nan ne gwaninta ke farawa. Ƙarfe ba ya manne wa ɗan'uwansa sai zafi ya haura digiri 1,200, ya bar ja ya koma fari. Ba ma'aunin zafi, ido ne kawai da sabo. In ya yi gaggawar cirowa, haɗin ba zai kama ba, ɓaraka ta ɓuya a ciki sai ranar yaƙi ta bayyana. In ya yi jinkiri kaɗan, ƙarfen ya fara tartsatsi, ya ƙone, aikin kwanaki ya tafi a banza. Tsakanin waɗannan biyu akwai ɗan lokaci ƙanƙani, a cikinsa zai ɗauko da awartaki, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya bi shi da masaba da sauri amma ba da hauka ba, har fallayen su zama sanda guda.

Daga nan sai murɗi. Yakan maƙale kan sandar, ya gasa ɗan yanki kaɗan, ya murɗa shi kamar mai tufka igiya, ya matsa gaba ya sake gasawa. Wata sandar a murɗa ta dama, wata hagu, wata a murɗa wani sashe a bar wani miƙe. Sai a jera su gefe da gefe a sake haɗa su a wuta, sannan a kewaye su da ƙarfe mafi tauri wanda zai zama kaifi. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne aikin makanta ne. Zanen da yake nema ba ya ganuwa a lokacin. Baƙin ƙarfe ne kawai mai ɓawo a hannunsa. Dole ya ƙirga murɗin kowace sanda don ta dace da maƙwabciyarta, ya kuma lissafa yadda duka zai miƙar da murɗin ya canza masa fasali. Ko zurfin gugar da zai yi da magagari da dutsen wasa wuƙa yana sauya zanen: a sama-sama yana fitowa kamar ƙayar kifi, in an nutsa sai ya zama wasu lanƙwashe-lanƙwashe da taurari. Sai an gama gogewa tas ake sanin ko lissafin ya yi daidai.

Misalin irin wannan aiki ya fito a shekarar 1939. A Sutton Hoo kusa da garin Woodbridge, wani mai tonon kayan tarihi, Basil Brown, ya tono wani tudu a filin wata mata mai suna Edith Pretty, ya tarar da sawun jirgin ruwa mai tsawon mita 27 da aka binne wani babban mutum a cikinsa. Masana da yawa na ganin Sarki Raedwald ne na Gabashin Angliya, wanda ya rasu wajajen 625, wanda malamin tarihi Bede ya ce ya ajiye wurin bautar Kirista da na gumaka a ɗaki ɗaya. Takobinsa tsatsa ta riga ta haɗe shi da kubensa, amma hoton asibiti mai ratsa jiki ya tona aikin da ke ciki: ɗauri-ɗauri na fallayen ƙarfe bakwai-bakwai, an murɗa nan an bar can miƙe, cikin tsari. An yi wa ƙotar ado da zinariya da jajayen duwatsu masu sheƙi. Ido kan tafi ga zinariyar, amma ni a ganina aikin da ya fi wuya yana cikin tsatsar.

Akwai masu cewa murɗin bai ƙara wa takobi wani ƙarfi na a-zo-a-gani ba, ado ne ya fi yawa a ciki. Ko da haka ne, adon yana da aikinsa. Zanen shaida ce da ba a iya yi wa jabu: wanda ya zare takobin ya ga layukan sun tafi daidai daga ƙota zuwa tsini ya san kowane haɗi ya kama, ya san hannun gwani ne ya yi shi, ya kuma san darajar sarkin da ke iya kyauta da irinsa. A farkon ƙarni na 6, Sarki Theodoric da ke mulkin Italiya ya aika wasiƙar godiya ga sarkin Warni, wata ƙabilar Jamus ta arewa, yana yaba takubban da aka aiko masa, musamman zanen da ke tsakiyarsu mai kama da ƙananan tsutsotsi masu motsi.

Babu wanda ya rayu da takobi kamar Penda na Mercia, babban sarki na ƙarshe da ya mutu yana kan addinin kakanninsa. Da hannunsa a kisan Sarki Edwin na Northumbria a 633, shi ya kashe Sarki Oswald na wannan masarauta a 642, shi ma ya faɗi a yaƙin Winwaed a 655 yana jagorantar manyan shugabanni 30. A tsakiyar ƙasarsa, kusa da ƙauyen Hammerwich, aka tsinci Taskar Staffordshire a 2009: zinariya wajen kilo 5, mafi yawanta adon ƙotar takubba ne na ƙarni na 6 da na 7 da aka ɓamɓare. Ruwan takobi ko ɗaya babu a ciki. Alamu na nuna an riƙe ruwan takubban ne, a yi musu sabuwar ƙota, a miƙa wa wasu jarumawan.

Sarakunan sun san da wa suka dogara. Dokokin Sarki Aethelberht na Kent, na wajajen shekarar 600, sun ambaci maƙerin sarki da diyyar da za a biya in an kashe shi. A tatsuniyarsu ta Weland, gwanin maƙera, wani sarki yanke masa jijiyoyin ƙafa ya yi don kada ya kai fasaharsa wani gida. A Tattershall Thorpe kuma an tono kabarin wani maƙeri na ƙarni na 7, an binne shi shi kaɗai tare da masabunsa da awartaki da uwar maƙera da tarkacen ƙarafan da yake tarawa.

Sana'ar ta ja baya daga ƙarni na 9, da aka fara samun ƙarfe mai kyau da yawa wanda ba ya buƙatar wannan wahala. Amma tsofaffin takubba sun ci gaba da zagaya gidajen sarauta. Yarima Aethelstan, ɗan Sarki Aethelred, da zai rasu a 1014, ya bar wa ƙanensa Edmund wasiyyar takobin Sarki Offa na Mercia, wanda ya mutu tun 796.