Duwatsun ado na fasasshiyar kwalba



Wata ɗaliba tamu ta zo ajin yaƙi da jahilci sanye da sabon abin wuya. Maigidanta ya kawo mata tsaraba daga Gana, inda ya je cin rani. Duwatsu ne shuɗɗa da rawaya, masu zane. Mata suka yi ta taɓawa suna yabo. Da na ce musu da fasasshiyar kwalba aka yi su, sai wata tsohuwa ta ce: "Ashe shara ce!" Ran mai abin wuya ya ɓace. Ran nan karatu bai yi nisa ba. Shi ya sa na ga ya kamata mu duba wannan aiki tare da kai.

Masu yin waɗannan duwatsu mutanen Kurobo ne, a gabashin Gana. Garin Odumase ya yi suna a kansu. A birnin Koforiduwa kuma akwai kasuwar duwatsun ado da ke ci kowace Alhamis.

Ga yadda suke yi. Su tara kwalabe, su wanke, su daka a turmi, su tankaɗe har ya zama gari. Suna da wata ƴar tanda ta yumɓu mai ramuka, kamar tandar masa, sai dai ramukan ƙanana ne. A tsakiyar kowane rami su kafa tsinken ganyen rogo. Su zuba garin kwalba, launi bisa launi. Sa'an nan su sa a murhun da aka gina da ƙasar suri, su hura wutar itace. Garin ya narke ya haɗe. Tsinken rogo ya ƙone, ya bar kafar zura zare. In duwatsu sun huce, a goge su da yashi da ruwa bisa dutse. Waɗansu kuma ana yi musu zane, a sake mai da su wuta don zanen ya kama.

To, wannan shara ce? Ni na ce a'a. Na riƙe abin wuyan a hannuna, na duba da kyau. Ba ya walƙiya kamar duwatsun roba na kanti. Haskensa a kwance yake, ba ya ɗaukar ido. Babu dutse biyu da suka yi daidai: wannan ya ɗan fi kauri, wancan zanensa ya ɗan karkata. Nan ne kyaunsa yake, don kana ganin hannun mutum a kowane ɗaya. Dabarar tsinken rogo kuwa, duk mai sana'a ya san ba ƙaramin tunani ba ne.

Narkar da kwalba ba baƙon abu ba ne gare mu. Nufawan Bida, a Najeriya, sun daɗe suna yin duwatsu da warwaro da ita. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin biranen duniya da suka shahara da sana'ar hannu.

Amma akwai abin da ban yaba ba. Waɗansu masu shirya abin wuya na zamani, musamman don baƙi ƴan yawon buɗe ido, suna cika kaya. Ga kwalba, ga tagulla, ga ƙaho, ga roba, duka a zare guda. Ido ba ya samun wurin tsayawa, wuya kuma ya gaji. Na ɗalibarmu bai yi wannan ba, launi biyu ne kawai. Aibinsa zare ne. Siriri ne, kuma bakin kafar waɗansu duwatsun yana da kaifi, zai ci shi. In za ka saya wa iyalinka, duba kafar. Ka kankare zanen da farce. In ya tashi, fenti ne aka shafa, bai shiga wuta ba.

Tsohuwar nan ma tana da tata gaskiya, ko da ta faɗe ta da zafi. A ƙauyukanmu zoben azurfa da ƴan kunnen zinariya ajiya ce ta mace. Shekarar da damina ta ƙi, rumbu ya ƙare, su ake kaiwa wurin maƙeri, ya auna, ya biya, a sayi hatsi. Dutsen kwalba ba mai aunawa. Su Kurobo suna da tsofaffin duwatsu masu tsada da ake gado, ƴan mata na sa su ran bikin balaga da suke kira Dipo. Amma can ne aka san darajarsu. A kasuwar Maradi ko Tawa ba za ka sami mai maido maka kuɗinka ba. Saboda haka ka saye shi da kuɗin ado, kada ka taɓa kuɗin ajiya.

Ɗalibar tamu ta sake zura duwatsunta a zaren kamun kifi. Har yanzu da su take zuwa aji.