Hammata ce ke magana: gwanintar makaɗin kalangu

Wanda bai sani ba, in ya ga makaɗin kalangu yana aiki, hannun dama yake kallo, wanda ke riƙe da ɗan lanƙwasasshen icen da ake dukan fata da shi. Amma aikin gaske yana ɗaya gefen, ƙarƙashin hammatar hagu, inda ido bai cika zuwa ba. Duka kowa zai iya. Matse tsarkiya da sakinta daidai kan gaɓa, shi ne abin da ake shekaru ana koyo, kuma a garuruwan Gwarzo da Kabo, kamar sauran ƙasar Hausa, akasari gado ne: yaro ya tashi ya tarar da kalangu rataye a ɗakin ubansa.

Ƙirar kalangu ba ta da wani ɓoyayyen sirri. Masassaƙi zai samo ice mai sauƙin ɗauka wanda ba ya saurin tsagewa, irin su alilliba, ya fafe cikinsa, ya bar baki biyu masu faɗi da tsukakken ƙugu a tsakiya. A rufe kowane baki da fata mai laushi, yawanci ta ɗan akuya, sannan a ɗinke bakunan biyu da siraran igiyoyin fata masu yawa, su ne tsarkiya. Wannan tsukakken ƙugu shi ya bar wa tsarkiya sarari. In makaɗi ya matse ta da damtse, sai ta ja fatun biyu su ɗame, murya ta hau. In ya sassauta, fata ta saki, murya ta sauka ta yi kauri. Tsakanin hawan da saukar akwai matakai da yawa, kuma gwani yana iya dukan fata sau ɗaya ya sa sautin ya zame daga sama zuwa ƙasa kafin ya mutu.

Abin da ya sa wannan ya zama magana shi ne yadda Hausa take. Kowace gaɓa tana da karinta, ko sama, ko ƙasa, ko mai faɗowa, kuma wasali yana da dogo da gajere. Ɗauki "sannu da zuwa". Gaɓa biyar ce, karinta ƙasa, sama, ƙasa, sama, ƙasa, ta ƙarshe da ɗan ja. Makaɗi zai saki, ya matse, ya saki, ya matse, ya saki, ya bar bugun ƙarshe ya daɗe. Babu baƙi ko wasali a ciki, amma kunnen Bahaushe yana cike gurbin. Sai dai jimloli da yawa suna iya zuwa da kari iri ɗaya, shi ya sa kalangu ba ya hira da sabon zance yadda wasu ke zuzutawa. Abin da aka riga aka sani yake faɗa: kirari, karin magana, habaici, da uwa uba take.

Take shi ne kiɗan da aka keɓe wa mutum, ko sarauta, ko sana'a. A nan ne nake ganin makaɗi ya wuce mai nishaɗantarwa kawai. Dole kansa ya riƙe taken Sarkin Fawa da na manyan mahauta, da na kowane ɗan dambe da ya yi suna a yankin, da na gidajen da ubansa ya yi wa kiɗa. Yana cikin kiɗa idonsa na kan hanya. Da ya hango dattijo tafe, sai ya karya kiɗan ya shiga takensa ba tare da ya tsaya ba, ka ga mutumin ya rage sauri, ya ɗaga hannu, ya laluba aljihu. Ba a ambaci sunansa da baki ba, amma duk wanda ke wurin ya san wa aka kira. Kuskure a nan ba ƙaramin abu ba ne. Kaɗa wa mutum taken abokin hamayyarsa ya isa ya ɓata zumuncin shekaru.

Asali kalangu kiɗan fawa ne. Kowace sana'a da nata: maharba da garaya, manoma da gangar noma, sarakuna da tambari da kakaki da algaita da kotso. A da, in aka yi yanka ranar kasuwa, kalangu ne ke shela cewa nama ya samu, makaɗi kuma ya koma gida da rabonsa na tsoka. A yankin da ke da kasuwar dabbobi irin ta Getso, ba sai an yi dogon bayanin dalilin da ya sa mahauta da makaɗansu suka kafu ba. Da yake dambe da hawan ƙaho wasannin rundawa ne, kalangu ya bi su can, daga nan ya shiga dandalin 'yan mata da gidajen biki.

Ba shi kaɗai yake tafiya ba. Babban kalangu ne ke magana, ɗan karɓi yana amsa masa da siririyar murya, kuntuku kuma yana riƙe da ma'aunin kiɗa don kada a kauce. Mai koyo daga ƙananan yake farawa, ya daɗe yana maimaita bugu ɗaya har hannunsa ya daina tunani, kafin a yarda ya rataya babban. Haka kuma zai koyi jinyar kayan. Da damina fata kan sha danshi ta saki, sai an shanya ta a rana ko an kanga ta kusa da wuta. Da hunturu tsarkiya ce ke bushewa tana neman tsinkewa, sai an shafe ta da mai.

Hanyar da ta fito daga Kano ta ratsa Garo da Gwarzo ta shiga Dayi, ita ce ke kai mutum ƙasar Malumfashi da Funtuwa, yankin da Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, ya yi zamaninsa. Da kalangu ya yi suna a rediyo da faifai, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Ana yawan yabon bakinsa, kuma ya cancanta. Amma a sake sauraron faifan, a bar kunne kan makaɗan: yadda suke lafawa in zai saki magana, su cike masa gurbi in yana jan numfashi. A fagen dambe kuwa, sunan Ɗan Anace ake fara kawowa.

Kalangu na da 'yan uwa a nesa. Yarabawa na da gangan da dundun, Dagwamba a Gana na da lunga, a Senegal akwai tama, har a Kerala ta kudancin Indiya akwai idakka da ake kaɗawa a wuraren bautar Hindu, ita ma da tsukakken ƙugu da igiyoyin da ke sauya mata murya.

Yau gidajen biki da yawa sun koma hayar lasifika da waƙoƙin fiyano, sun fi arha kuma ba a ciyar da su. A fagen dambe ne abin ya ƙi sauyuwa. Bayan kaka, in aka kafa fage, dole a samu mai ido da zai ga wane ne ya miƙe yana ɗaure hannu, ya kaɗa masa takensa har tsuma ta kama shi, ya kuma san lokacin da zai juya kiɗan zuwa ga wanda zai tare shi daga ɗaya ɓangaren.