Kamfas, Agogo da Takun Raƙumi

A watan Maris na 1851 wani Bajamushe ya shigo Gumel daga Kano, yana kan hanyarsa ta zuwa Kukawa. Sunansa Heinrich Barth, mutanen hanya kuwa Abdulkarim suke kiransa. Ya tarar da gari mai babbar kasuwar kanwa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ya ɗora garin a takarda, alhali kayan aikinsa ba su wuce kamfas da agogo da littafin aljihu ba.

Ayari na tashi, sai ya duba agogo ya rubuta lokaci. Ya ɗaga kamfas, wato 'yar allurar nan da kullum bakinta ke nuna arewa, ya karanta inda hanya ta dosa. In hanya ta karkata, ya sake dubawa ya sake rubutawa. In an tsaya gyara kaya ko shayar da dabbobi, dole a cire wannan lokacin daga lissafi. Nisa kuwa daga takun dabba ake ciro shi: a san abin da raƙumi ke ci a sa'a guda, a ninka da sa'o'in tafiya.

A nan gizo ke saƙa. Raƙumin da ke cikin rairayi ba ya sauri kamar na kan fako, na la'asar kuma ba na hantsi ba ne. A ce kuskuren ɗaya bisa goma ne kawai. Bayan tafiyar kilomita 300, gari ya goce daga mazauninsa da kilomita 30, fiye da tazarar Gumel da Maigatari. Shi ya sa August Petermann, wanda ya zana taswirorin Barth, yake neman turke: gari da aka auna matsayinsa da taurari, kamar yadda Eduard Vogel ya auna Kukawa a 1854. Sai a ɗaure hanyar a turken, a rarraba kuskuren a kan zango-zango. Garuruwan da Barth bai taka ba, fatake da alhazai ya tambaya kwana nawa ne tsakani, ya gwada bakin wannan da na wancan, ya kuma bayyana cewa ji ya yi.

Wasu kuwa ba su wahalar da kansu haka ba. A 1890 Ingila da Faransa suka amince da layin iyaka daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar Tafkin Cadi, ba tare da an taka ƙasar ba. Aka yi ta gyara a 1898 da 1904 da 1906, domin Faransawa sun rasa hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Daga ƙarshe sai da Kyaftin Jean Tilho da Manjo O'Shee suka bi iyakar da ƙafa daga 1906 zuwa 1908, aka kafa turaku 148.

Aikinsu na dare ya fi na rana wuya. Nisan wuri daga arewa zuwa kudu yana da sauƙi, tsayin tauraro a sama ake aunawa. Gabas da yamma kuwa sai da agogo, domin duniya na juya digiri 15 a kowace sa'a. In agogo ya yi lattin daƙiƙa huɗu kacal, a yankin Gumel an yi ɓatan kusan kilomita biyu. Don haka safiyo ba ya yarda da agogo ɗaya ko dare ɗaya. Ya auna, ya maimaita, ya ɗauki matsakaici, ya rubuta iyakar shakkarsa a gefe.

Ko bayan wannan duka, alƙalami ma yana da nasa kuskuren. A taswirar da aka ƙanƙance ƙasa sau 500,000, layi mai kaurin milimita ɗaya ya rufe mita 500. Manomin Sule Tankarkar ko Gagarawa ya san gonakin gero nawa ke shiga cikin wannan faɗin.