Masu Dawo Da Hotunan Da Memori Ya Haɗiye

Mai ɗaukar hoto a Tudun Wadan Zariya ba ya rasa aiki. Yau kamu, gobe ɗaurin aure, jibi suna ko walimar sauka. Ga ɗaliban harabar Kongo masu son hoto da rigar shiga jami'a ko ta kammalawa, ga hawan sallah da ke kwasar masu kyamara su bi ta Ƙofar Doka su shige birni. Duk tsayuwar ranar nan da turereniyar nan suna ƙarewa ne cikin ɗan katin da tsawonsa milimita 32 ne, faɗinsa 24. Ranar da katin ya ƙi buɗewa, kyamara ta ce sai an yi masa fomat, ko kwamfuta ta nuna folda wayam, ranar mai hoto ke tunawa ba a sake ɗaura aure don hoto ya ɓata. Kuɗin aikin ma ya riga ya karɓi rabi, dangin amarya kuma suna ta kiran waya.

Akwai mutanen da ake kai wa irin wannan kati. Yawancinsu ba su da allo a ƙofar shago da ke faɗin wannan aiki. A shagon gyaran waya ko na kwamfuta ake samunsu, nan cikin Tudun Wada ko a ƙarasa PZ a Sabon Gari. Masu cewa sun iya suna da yawa, domin kowa na iya sauke manhaja ya danna. Gwanayen kaɗan ne, kuma ina ganin girmansu ƙwarai, saboda aikinsu ya haɗa ilimi da haƙuri da riƙon sirrin mutane.

Tun kafin ya karɓi katin ake gane gwani. Tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, tun da ya fara wannan, me da me ka yi masa?" Amsar da ya fi tsoro ita ce, "Wallahi Injiniya ban yi komai ba, guda biyar kawai na ƙara ɗauka in gwada ko ya warke." Waɗannan biyar ɗin suna iya zama su suka binne hoton siyan baki. Dalilin yana cikin yadda katin ke ajiya.

Katin SD, wanda kamfanonin SanDisk da Panasonic da Toshiba suka fito da shi a 1999, kashi biyu ne a idon kyamara. Akwai fili mai faɗi da aka yanka ƙananan gurabe, akwai kuma rajista a farkon katin da ke cewa hoto kaza sunansa kaza, ya fara daga gurbi kaza, ya bi ta kaza da kaza. Katin da bai wuce giga 32 ba yakan zo da tsarin rajista mai suna FAT32, wanda ya haura haka kuma exFAT, dukansu na Microsoft. Hoto mai nauyin mega 10 a katin da gurbinsa kilobait 32 ne yana cin gurbi 320. Idan aka goge hoto a FAT32, ba a taɓa gurbin nan ko ɗaya. Harafin farko na sunan ake maye wa gurbi da alamar E5, a share jerin guraben daga rajista, a ce fili ya samu. Fomat na gaggawa ma rajistar kawai yake sabuntawa. Hoton na nan kwance har sai wani sabon abu ya hau kansa, kuma idan ya hau, babu gwanin da zai tono na ƙasa.

Yawancin abin da muke kira lalacewar memori, rajistar ce ta rikice. An zare katin fitilar kyamara tana ƙiftawa, ko batir ya mutu ana tsakiyar rubutu, ko kati ɗaya yana yawo tsakanin kyamara biyu da waya da kwamfutar shagon wanke hoto. Wani lokacin ma abin bai kai nan ba. Ƙurar hunturu ce ta rufe haƙoran katin, a goge su a canza kad rida ya buɗe. Ko kuma bairos ɗin nan da ya addabi shagunan buga takardu ne ya ɓoye foldoji ya bar gumakan ƙarya a madadinsu, umarni guda ya fito da komai. A nan ake fara sanin halin mutum. Mai tsoron Allah zai ce aikin minti biyar ne, ya karɓi na minti biyar.

Idan abin ya wuce haka, dokarsa ta farko ita ce kada a rubuta komai a kan katin. Zai tura ɗan makullin da ke gefen katin ƙasa, ko da yake ya san makullin ba ya haɗe da komai a ciki, kad rida ce ke ganinsa ta kiyaye, wata mai arha ma ba ta kulawa. Idan Windows ta fito da tayin ta duba ta gyara, zai ƙi. Gyaran nan yakan daidaita rajista ta hanyar yanke duk abin da bai gane ba, ya tara gutsattsarin a wata folda da sunaye marasa ma'ana. Garin neman gira a rasa ido ke nan, kuma katuna da yawa a hannun masu kyakkyawar niyya suka ƙarasa mutuwa.

Abin da yake yi shi ne ya kwafe katin ɗungurungum, gurbi bayan gurbi, har da inda rajista ta ce babu komai, ya zama fayil guda a kwamfutarsa. Masu aiki da Linux sukan yi amfani da ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya rubuta. Hikimarta tana burge ni. Tana fara kwashe inda ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake inda katin ke turjiya, ta riƙe lissafin wuraren da ta bari, sai daga baya ta dawo ta lallaɓa su. Katin da ke gargara ba a san karatu nawa ya rage masa ba, don haka a fara tsirar da mai yawa. Da kwafin ya kammala, sai a zare katin a sa a ambulan a ajiye. Duk gwajin da zai biyo baya a kan kwafin za a yi shi, in an yi kuskure a sake wani.

Daga nan zai gwada farfaɗo da rajistar kanta, domin ita ce hanya mafi tsabta. FAT32 yana ajiye kwafi biyu na jerin gurabe, yana kuma ɓoye madadin shafinsa na farko a sashe na 6. Manhajar TestDisk, ta wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier, tana iya ɗauko madadin ta ɗora. Idan aka dace, foldar hotuna ta DCIM za ta dawo da sunayenta da jerinta kamar ba abin da ya faru.

Idan rajistar ta tafi gaba ɗaya, sai a koma farauta cikin filin. Yawancin nau'o'in fayil suna da tambarin da suke farawa da shi. Hoton JPEG yana buɗewa da FF D8 FF, ya rufe da FF D9. PhotoRec, wadda Grenier ɗin dai ya fitar a 2002 kuma kyauta ce har yau, ba ruwanta da rajista. Tana bin gurabe ɗaya bayan ɗaya, duk inda ta ga tambari ta fara kwasa har ta kai ƙarshe, kuma ta san nau'in fayil fiye da 400. Wannan ne matakin da kowa ya iya. Abin da take zubowa kuwa tuli ne: dubban fayiloli masu sunan lamba, na bikin jiya haɗe da na sunan bara, ƙananan hotuna haɗe da manya, wasu lafiya lau, wasu rabinsu toka-toka.

Gwaninta daga nan take farawa. Wanda ya taɓa ganin littattafan malamanmu na rubutun hannu, irin waɗanda aka adana a sashen binciken tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya san warƙa-warƙa suke, ba ɗinki, a cikin gafaka. Idan suka watse, kowane yaro zai iya tsince su ya tara, amma jera su sai wanda ya san karatun. Marubutan da sukan taimaka, su rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta. Gurbin memori ba shi da wannan alama. Muddin hoton a jere aka rubuta shi, komai lafiya. Amma mai hoton da ya saba goge marasa kyau a cikin kyamara yana ci gaba da ɗauka yana barin ramuka, sabon hoto ya shiga wannan rami ya ƙarasa a wancan. Manhaja za ta kwaso farkonsa ta haɗa da gindin wani, sai ka ga kan ango da rawaninsa, daga ƙirji zuwa ƙasa kuwa launi ya juye ko hoton ya goce gefe.

Gocewar tana da dalili. JPEG yana yanka hoto murabba'i-murabba'i, ɗigo 8 sau 8, kuma hasken kowane murabba'i ana lissafa shi ne daga na wanda ya gabace shi. Kuskure ɗaya a tsakiya yana bin duk abin da ke ƙasa. Gwani zai buɗe fayil ɗin a matsayin lambobi zalla, ya nemo daidai gurbin da baƙon abu ya shigo, ya cire shi, ya laluba cikin guraben da ba su da mai su ya gwada wanda zai ɗora. Idonsa ne alƙali: shin zanen babbar rigar ya haɗu, shin layin bango ya miƙe? Idan kan fayil ɗin ne ya lalace, inda aka rubuta girman hoton da ma'aunin matse shi, zai nemi lafiyayyen hoto daga kyamarar nan a saiti iri ɗaya, ya yanko kansa ya dasa. Hoto guda yana iya cinye masa yamma guda. Shi ya sa yakan tambayi mai kaya waɗanne ne ba za a iya rasawa ba. Hoton 'yan rawa yana da madadi. Hoton amarya da kakarta ba shi da shi.

Gwani yana da wasu ƙofofin. Kowane hoton kyamara yana ɗauke da ɗan ƙaramin kwafinsa a ciki, ɗigo 160 sau 120, bai isa wankewa ba amma ya isa a san me aka rasa. Wanda ke ɗauka da tsarin RAW, kamar CR2 na Canon ko NEF na Nikon, ya fi sa'a, domin cikin fayil ɗin akwai babban JPEG da za a iya zarowa ko da sauran ya lalace. Bidiyon da batir ya yanke kuwa yakan ƙi buɗewa saboda kyamara sai a ƙarshe take rubuta jadawalinsa, kuma ana iya sake gina jadawalin da taimakon wani lafiyayyen bidiyo daga kyamarar. Bayan duk wannan, ga tulin sunayen lamba. Kyamara tana binne rana da sa'a da daƙiƙa cikin kowane hoto, sai ya sa ExifTool ta Phil Harvey ta sake musu suna bisa lokaci. Kamu ya koma gaban ɗaurin aure, kai amarya ya biyo baya, in dai mai hoton ya saita agogon kyamararsa.

Wani abin da ke ƙara masa daraja a idona shi ne ya san inda aikin ya fi ƙarfinsa, kuma yana faɗa da wuri. Akwai jabun kati da aka rubuta wa giga 64 alhali cikinsa 8 ne. Kyamara za ta yi ta ɗauka tana jera sunaye, amma duk abin da ya wuce 8 ɗin bai taɓa sauka ko'ina ba. Manhajar H2testw tana tona asirin irin wannan kati, kuma tun ranar saye ya kamata a gwada, kafin a kai shi gidan biki. Akwai fomat mai zurfi da kyamarorin Canon ke bayarwa a matsayin zaɓi, wanda ke share filin da gaske. Akwai katin da wayar Android ta mayar ma'ajiyarta ta ciki, abin da ya fara daga Android 6 a 2015, wanda a kulle yake da mabuɗin da ke cikin wayar. Sai kuma katin da kwamfuta ba ta ma san an sa shi ba, alamar ɗan injin da ke tafiyar da shi ya mutu. Wannan aikin ɗakin gwaji ne: a cire ƙwayar ajiyar, ko a kankare bayan ƙaramin kati har tagullar ta bayyana, a liƙa wayoyi sirara a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a karanta da na'ura irin PC-3000 Flash, sannan a warware yadda injin ya cakuɗa bayanan. Wanda ba shi da kayan ya ce ba shi da su, ya mayar da katin yadda aka kawo shi, ya fi wanda zai ɓalle shi don kada a ce ya gaza.

Saura batun da ba a koyarwa a intanet. PhotoRec ba ta san abin da mai kati ya rasa da abin da ya goge da gangan ba, duka take fitarwa. Katin biki kuma yana ɗauke da cikin gida: mata a wajen lalle babu mayafi, amarya a ɗakinta, matan aure da ba su yarda wani namiji ya gan su haka ba sai don mai hoton ya shigo da izini, ko mace ce ta ɗauka. Duk wannan yana wucewa ta gaban idon mai gyara. Na ƙwarai yana juya fuskar kwamfutar daga masu zaman shago, ba ya barin yaransa su tsaya a kansa, yana buɗe abin da aikin ya tilasta kawai. Idan Hajiya ce ta kawo katin da kanta, yakan ce, "Hajiya, zauna nan ki duba da kanki, ki nuna mini waɗanda kike so." Idan an gama, zai zuba hotunan a sabon filashi, ba a tsohon katin ba, ya jira mai su ya tabbatar suna buɗewa, sannan ya share kwafin da ke kwamfutarsa a gabansa, sharewar da shi kansa ba zai iya dawo da ita ba. Tsohon katin kuma ya miƙa shi a ambulan ɗinsa, ya ce kada a sake kai shi wajen aiki ko da ya ga kamar ya warke.