Ɗan Damfara, Yarinya da Hanya

Akwai wani nau'in fim ɗin ban dariya da Amurkawa suka daɗe suna yi, wanda mutumin Gayam ko na Dogon Dawa, a ƙasar Birnin Gwari, zai gane shi ko ba a fassara masa ba: mutum marar tsayayyiyar sana'a yana bin gari gari yana cin abinci da bakinsa, ga kuma ƙaramin yaro a gefensa. A fim ɗin The Kid na 1921, yaron da Charlie Chaplin ya tsinta shi ke jifar tagar mutane da dutse, jim kaɗan sai uban riƙon nasa ya ɓullo da gilashi a goye, kamar Allah ne ya jefo shi. Amma wanda ya fi cika siffar shi ne Paper Moon na 1973, wanda Peter Bogdanovich ya shirya daga littafin Joe David Brown. Moses Pray yana duba jarida ya ga wanda ya mutu, sai ya je wa matar mamacin da littafin Baibul mai ɗauke da sunanta, ya ce mijinta ne ya yi odarsa kafin ya cika, saura ciko. Yarinyar da ke tare da shi, Addie, marainiya ce 'yar shekara 9, kuma har fim ɗin ya ƙare ba a faɗa mana ko shi ne ubanta ba. Ryan O'Neal da 'yarsa ta cikinsa Tatum ne suka fito a ciki, ta kuma ci kyautar Oscar a 1974 tana da shekara 10.

Cutar mace mai takaba ba abin dariya ba ne a ko'ina. To me ya sa mai kallo yake bin bayan Moses? Yarinyar ce. Ita ke duban gida kafin a yanka farashi: in ta ga mace da tarin yara cikin tsumma sai ta ce ai an riga an biya, in ta ga mai hali sai ta ninka kuɗin. Ita ce ma'aunin da ke hana damfarar zama zalunci tsantsa. Akwai kuma dala 200 da take cewa tana binsa, amma hujja ce kawai ta ƙin rabuwa da shi. Mutum biyu ne da suka kasa cewa suna ƙaunar juna, sai suka fake da bashi.

Mu ma muna da wannan tun kafin majigi. Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, can gaba da Birnin Gwari ta wajen Tegina, ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da aka shirya a Zariya a 1933. A cikin littafin, Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna haɗuwa gari bayan gari, kowa na ɗana wa ɗan'uwansa tarko, suna cutar mutane suna cutar juna. Abin da masu karatu kan manta shi ne dalilin fitar Alhaji daga gida: an kunyata Liman, wanda ya riƙe shi, a gaban sarki, shi kuma ya tafi neman abin da zai wanke shi. Ba don wannan ba, da littafin jerin iya shege ne kawai. Zumunci ne ya ba yawon ma'ana.

Amma asalin gidan wannan wasa kasuwa ce. Duk wanda ya ci kasuwar ƙauye a arewa ya san da'irar da ake yi a bakinta bayan azahar. Ga ɗan kama ya naɗa rawani yana kwaikwayon malami, karatun nasa duk na tuwo da nama. Ga 'yan gambara da bakinsu marar linzami, ga ɗan dabo da rufa ido, ga mai maganin basir da shawara da lasifikarsa. Can gefe kuma ɗan wala-wala, wanda shi kam ɓarawo ne ba wani abu ba. Kusan dukansu ba sa aiki su kaɗai. Akwai ɗan kore da ke shiga cikin jama'a kamar baƙo, shi zai fara saye, shi zai rantse cewa maganin ya yi wa babarsa aiki. Irin wannan sirri ba a ba bare, domin ranar da kuka ɓata zai tona ka a tsakiyar kasuwa. Shi ya sa sau da yawa ƙane ne, ko ɗa, ko yaron da aka raina tun yana ƙarami. A wannan sana'a zumunci jari ne.

Gardawa masu wasa da kura sun fi kowa nuna haka. Gado ne, daga uba zuwa ɗa, tare da layu da abin da ake sha. Tsakanin 2005 da 2007 wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi wata ƙungiyarsu ta Hausawa da ke yawo da kuraye da birai da macizai suna sayar da magani, hotunan suka zaga duniya. A cikinsu akwai ƙaramar yarinya, 'yar ɗaya daga cikin gardawan, har da hotonta a kan kura mai takunkumi. Turawa sun ga abin al'ajabi. Mai cin kasuwa ya san aikin da take yi a wurin: in yarinya ta hau kura lafiya, wa zai yi shakkar layar? A nan nake ganin finafinan Amurka sun yi wa kansu sauƙi. Suna nuna mana wayon yaron, ba sa nuna abin da hanya ke ci a jikinsa: karatun da bai yi ba, kwana a tasha, da koyon ƙarya a hannun wanda ya fi yarda da shi. Ƙaunar da ke tsakaninsu gaskiya ce, amfanin da ake yi da shi ma gaskiya ne.

Finafinan camama na Kano sun ɗauki rabin wannan gado suka bar rabi. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya fito a boka na ƙarya, da malamin tsibbu, da mai cin bashi, kuma salon maganarsa na kasuwa ne zalla. Sai dai yawanci mai wayon camama a unguwa yake zaune, rigimarsa da matarsa ce da surukai da maƙwabta, tsarin Gizo da Ƙoƙi. Asirinsa ya tonu, a bi shi da gudu, a tashi. Ba kasafai ake ba shi wanda zai ji kunyar idonsa ba, shi ya sa dariyar ke ƙarewa tare da fim ɗin.

Ita kuma sana'ar yawon ba ta rayuwa sai da hanya. Shekarun da 'yan bindiga suka mamaye dajin Kamuku da na Kuyambana, hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari da ta Funtuwa suka zama sai da rakiyar sojoji, ba mai kura ko mai magani da zai ɗauko ɗansa ya bi ta Gayam don cin kasuwar yini ɗaya. An ƙirga rayuka da shanu da gonaki, kuma su ya kamata a fara ƙirgawa, amma yaran da suka tashi a wannan tsakani da yawansu a waya kawai suka san ɗan kama. A Nuwambar 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan sulhu. Inda dabbobi da kuɗi suka taru, mai lasifika ba ya daɗewa bai iso ba. Mai shirya fim da ke neman labari ya je can ranar kasuwa, ya tsaya a bayan da'ira, ya bar kallon mai maganin, ya nemo yaron da ke zagawa da kwano yana karɓar kuɗi, ya tambaye shi wane ne wannan mutumin a wurinsa.