Jinjina Ga Masu Adana Tsofaffin Gine-gine A Kwamfuta

Masu zanen gini da masu safiyo da suka duƙufa wajen adana siffar tsofaffin gine-gine a kwamfuta sun cancanci yabo, domin sau da yawa aikinsu yana farawa ne daga ginin da ba a taɓa zana shi a takarda ba. Suna kafa na'urar leza, wadda ke harba haske tana auna nisan kowane ɗigo a jikin bango, sannan su haɗa miliyoyin ɗigogin su zama samfurin gini mai ɗauke da bayanin kowane sashe, wato da abin da aka yi shi, da shekarunsa, da inda ya tsage. Awon da Andrew Tallon ya yi wa majami'ar Notre-Dame a Faransa ya taimaki masu gyara bayan gobarar 2019.

Wahalar ta fi yawa a ginin ƙasa, saboda manhajojin wannan aiki an tsara su ne don miƙaƙƙen bangon siminti, alhali bangon tubali yana da kauri a gindi, yana sirancewa zuwa sama, kuma kowane yaɓe yana sauya shi. Bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya, a ƙarni na 19, ba ya shiga kowane ma'aunin da aka riga aka shirya, sai an bi jerin azararsa da haƙuri.

Zaurukan Gumel da Gagarawa, waɗanda damina ke zaizaya yayin da tsofaffin magina ke raguwa, suna buƙatar irin wannan awo.