Suna Ɗaya Ko Sunaye? Tarken Littattafan Hotuna Biyu Da Ake Koyar Da Zaman Tare Da Su

A 1990 Rudine Sims Bishop ta Jami'ar Jihar Ohio ta kwatanta littafin yara da madubi da kuma taga: yaro ya ga kansa a ciki, ya kuma leƙa rayuwar wasu. Wannan kwatance ya zama ma'aunin da malaman firamare a Amurka da Ingila ke zaɓen littattafan hotuna da shi, musamman a makon farko na shekarar karatu, lokacin da ake son kowane ɗalibi ya ji ajin nasa ne. Biyu daga cikin waɗanda ake yawan ɗauka su ne *The Name Jar* na Yangsook Choi (2001) da *Your Name Is a Song* na Jamilah Thompkins-Bigelow, wanda Luisa Uribe ta yi wa zane (2020). Jigonsu ɗaya ne: yarinyar da 'yan ajinsu suka kasa furta sunanta. Tun da 'ya'yan Hausawa mazauna waɗannan ƙasashe na zaune a irin waɗannan azuzuwa, ya dace a duba irin fahimtar da littattafan suka yi wa suna.

A littafin Choi, Unhei ta taso daga Koriya zuwa Amurka. Tun a motar makaranta yara suka karkatar da sunanta suna dariya, don haka da ta shiga aji sai ta ce ba ta zaɓi suna ba tukuna. 'Yan ajin suka cika mata kwalba da sunayen Turawa a ƙananan takardu domin ta ɗauki ɗaya. Ƙarfin littafin yana cikin zanensa. Kakarta ta ba ta hatimin katako mai ɗauke da sunanta cikin rubutun Koriya, kuma jan tambarin da hatimin ke bari a takarda yana tsaye daura da tarin takardun kwalbar. Yaron da bai iya karatu ba ma zai gane cewa ɗaya gado ne, ɗaya kuwa aro.

Raunin yana wajen warwarar jigo. Wani ɗan ajin mai suna Joey ne ya ɓoye kwalbar don yana son ta riƙe sunanta. Niyyarsa mai kyau ce, amma ko a nan wani ne ya shiga tsakanin yarinyar da zaɓinta. Malamin ajin kuwa bai taɓa nuna cewa kwalbar kanta matsala ce ba. Ita kyauta ce da ke cewa a fakaice: sauya kanki ki sauƙaƙa mana. Labarin ya wuce wannan da murmushi, kuma malamin da ya bi shi sau da ƙafa zai iya ƙarewa da yabon karamcin masu masauki, ya manta da nauyin da aka ɗora wa baƙuwa.

Thompkins-Bigelow ta gyara wannan ɓaraka. A nata labarin, uwa ce ke tafe da 'yarta daga makaranta tana rera mata sunaye daga Afirka da Asiya da ƙasashen Larabawa da na baƙaƙen fatar Amurka, tana nuna mata cewa kowane suna yana da amonsa. Washegari yarinyar, Kora-Jalimuso, ta koya wa malamarta da 'yan ajin yadda za su faɗi sunanta. Aikin koyo ya koma kan masu saurare, inda ya kamata ya kasance tun farko. Ga mai jin Hausa, kamanta suna da waƙa ya fi ƙarfin adon magana, domin harshen na da karin sauti da tsawon wasali. Bambancin Azumi, sunan mace, da azumin watan Ramalana yana a wasalin ƙarshe ne kawai, gajere a suna, dogo a ɗayan. Haka nan rajistar makarantar da ba ta da ƙugiya takan mayar da Ɗahiru Dahiru, Ƙasimu kuma Kasimu, kafin malami ya buɗe baki. Sai dai har yanzu yarinya ƙarama ce ke koyar da babba, kuma ba kowane yaro ɗan shekara biyar ke da wannan ƙarfin hali ba.

Akwai wani zato da littattafan biyu suka yi tarayya a kai, kuma nan ne al'adar Bahaushe ke da abin faɗa. Dukansu sun ɗauka cewa mutum na da suna ɗaya na gaskiya, riƙe shi mutunci ne, amsa wani kuwa ɓata ne. A gidan Bahaushe abin ba haka yake ba. Akwai sunan yanka da ake raɗawa ranar bakwai. Akwai sunan rana, kamar Ladi da Talatu da Ɗanjuma. Akwai sunayen da ke tafiya tare da na yanka, ta yadda Abubakar ke zama Garba, Usman ya zama Shehu, Fatima ta zama Binta. Sannan ga alkunya: uwa takan kauce wa sunan ɗan farinta, kuma yaron da ya ci sunan kakansa yakan tashi ana kiransa Abba. Yaron da ke amsa sunaye uku bai rasa kansa ba. Kowane suna yana nuna wata dangantaka ne, da wanda ya ba shi, da dalilin bayarwa. Ta wannan ma'auni, laifin kwalbar Unhei ba yawan sunayen da ke ciki ba ne. Laifinta shi ne babu wata dangantaka a bayansu sai neman sauƙin furuci.

Wannan ya shafi aikin da aka saba haɗawa da littattafan, wato a umarci kowane yaro ya tambayo ma'anar sunansa a gida ya zo ya faɗa a gaban aji. Ga Unhei abin ya zo da sauƙi, domin sunanta na nufin alheri. Amma wasu sunayen Hausa tarihin baƙin ciki ne. Ajuji da Ayashe sunaye ne da ake ba 'ya'yan wabi, bayan uwa ta sha binne jarirai. Talle na nuni da maraici. Malamar da ta nace sai ta ji ma'ana, da zuciya ɗaya, tana iya tono abin da gidan ya rufe da gangan. Haka kuma idan ta ji uwa na kiran ɗanta da wani suna dabam da na rajista, koyarwar littattafan za ta iya sa ta zaci an tilasta wa yaron ɓoye asalinsa ne, alhali kunya ce irin ta gida.

Tambayar da ta fi dacewa da irin wannan aji ita ce: wa ke kiranka da me, kuma da wanne kake so a kira ka a nan? Littafin Thompkins-Bigelow ya fi kusa da buɗe wannan ƙofa, saboda ya fara da kunne kafin ma'ana, har ya nuna yadda ake furta kowane suna. Na Choi zai yi amfani idan malami ya dakata a shafin kwalbar ya tambayi yaran ko su za su so a miƙa musu irinta a ranarsu ta farko.